Zumreta da Motar da Gahawa Ta Shaƙe

Tagar ɗakin kwanana tana kallon tsakar gidan Zumreta, don haka duk abin da motarta ta yi da safe ni nake fara sani, tun mai motar ba ta gama ɗaura kallabi ba. Ba ni na nemi wannan muƙami ba. Kakana ne ya gina gidanmu a nan, kakan mijinta ya manna nasu a jiki, su biyun kuma ba wanda ya yi tunanin wata rana jikokinsu za su kwana da injin dizal a tsakani.

Motar a-kori-kura ce. Fara ce a da, yanzu ta koma kalar haƙorin tsoho. Marigayi Hajriz, mijin Zumreta, shi ya taho da ita daga Jamus shekarar da ya gaji da ɗaukar siminti ya dawo gida. Ya sayar da goɗiyarsa, ya ba motar rumfar goɗiyar, ya haɗa mata da sunan. Har yau duk ƙauyenmu Goɗiya muke ce mata, har limami.

Ita Zumreta gajera ce, sai ta ɗora matashi take ganin hanya. Da aka kawo ta amarya daga can ƙarshen tudun Peshter, tatsar tumaki ta iya da yin cuku, ko keke ba ta taɓa hawa ba. Sai da ɓarin jikin Hajriz ya shanye ta ɗauke shi ta zaunar a kujerar gefe, ta shiga mazaunin direba ta ce ya yi magana. Ya yi magana kuwa. Da rabin baki ya koya mata tuƙi, amma wannan rabin ya ishe mu duka. A satin farko ta kwashe min shinge. Yana nan a karkace, na ƙi gyarawa don kada in rasa abin faɗa mata.

Cikin duk faɗan da ya yi mata, guda ɗaya ta riƙe kamar karatun sallah. Ya ce, "Da sanyi, in kin bar gida, kada ki kashe ta. Dizal in ya huce a tudun nan, ke da shi sai bazara."

Bayan rasuwarsa mun zaci za ta sayar. Ina. Da zarar ƙanƙara ta sauka, motar burodi daga garin Siyenitsa iyakarta bakin kwalta, gidajen sama kuwa tsofaffi ne zalla, 'ya'yansu duk suna ƙasashen waje. Zumreta ta ɗauki wannan zagaye ba wanda ya ɗora mata. Ta hau da burodi da fulawa da magani da tukunyar gas, ta sauko da cukunsu ta kai kasuwa. To kuma ba a shiga gidan mutum a fita ba a sha gahawa ba. Sai an dafa, an zuba a finjali, an tsoma sukari, an ji ciwon gwiwar wannan da mafarkin wancan. Duk tsawon wannan zama Goɗiya na waje a kunne, tana silo, tana jiran uwargijiyarta. Gida bayan gida, shekara bayan shekara.

Sanyin bara ya zo da wuri, da shi kuma ciwon ya zo. Mota na tsaye, ba wanda ya taɓa totur, sai ka ji ta ɗauki wuta da kanta, ta sake, ta ɗauka, ta sake, kamar mai asma na hawan bene. Salansa kuma ta koma wani irin huci mai haɗe da fito, ka ce jirgin sama ne zai tashi daga bayan kejin kajina. In an hau tudu ƙarfi babu, ka taka ta sai hayaniya.

Na leƙa ta taga na ce, "Maƙwabciya, in Makka za ki da ita ki tsaya in ɗauko jakata."

"Koma ka kwanta, Hazbo. Kai ma haka kake yi da asuba, Mujesira ta gaya min, ba wanda ya kai ka gareji."

Mujesira matata ce, kuma za mu yi maganar wannan tonon asiri ni da ita.

Ana cikin haka ɗanta Elvedin ya kira daga Jamus, irin kiran nan da ake ganin fuska. Tana tsaye a tsakar gida, Goɗiya na bayanta tana huci.

"Inna, ƙarar mene ne wannan?"

"Iska ce."

Ni kuma daga kan shinge na ce, "Iskar da ke shan dizal."

Kallon da ta yi min, da madara ce ni da na tsinke. Yaron kuwa sai ya fara. Ya ce ya daɗe yana faɗa mata, mace mai shekarunta ita kaɗai a hanyar da ko kare ba ya bi, in motar ta mutu mata a sama sai dai a tono ta da rani. Ya ce akwai ɗaki a gidansa, jikokinta na tambaya.

"Zan zo hutun sabuwar shekara," in ji shi. "Zan bi ki zagayen nan da kaina. In ta yi wannan kukan, ko ta tsaya mana a hanya, mu sayar da ita da tumakin ki biyo ni. Kin yarda, Inna?"

Ta ce, "Na yarda. Ga Baba Hazbo nan shaida, tunda bakinsa ba ya rufuwa."

Wanda bai san Zumreta ba zai ce maganar waya ce. Mu mun san ta. In ta ce ta yarda, to ko tana kuka za ta haɗa kayanta. Na hango ta a saman bene a Jamus, ba tunkiya, ba kabarin Hajriz, ba wanda za ta zaga ta kan shinge. Abincin ranar bai yi min daɗi ba.

Daga nan duk namijin da ke ƙauyen ya zama bakanike. Shefko mai kanti ya ce ruwa ne a cikin mai, aka canza filta. Wani ya ce man ne ya daskare, aka tsiyaya kananzir a tanki. Aka toshe gaban lagireto da kwali. Ni na kawo garwashi a tsohon faranti na tura ƙarƙashinta, abin da ubana ke yi wa tarakta. Goɗiya ta sha ɗumi ta gode, gari ya waye ta ci gaba da hucinta. Zumreta ta gangara da ita Siyenitsa wurin Maistor Jelil, bakaniken da ke duba ta tun zamanin Hajriz. Kafin su isa ta yi doguwar tafiya ta yi zafi, rana kuma ta fito, sai ta tsaya a ƙofar gareji tana numfashi lafiya lau kamar yaron da aka kai allura. Jelil ya saurara, ya leƙa, ya ce shi ba ya iya gyara kukan da bai ji ba, ta kira shi in ta fara.

A kwanakin ne ta mai da ni kayan nauyi. Ta ce, "Hazbo, shigo. Tudu yana mata wuya, kai kuma ka fi buhun yashi amfani, ko ba komai za ka iya turi." Na shiga. Ba don ita ba, don gahawar.

Gidan ƙarshe a sama na Nana Hatema ne, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen, har da Elvedin. Ranar mun tarar da ɗakinta cike da hayaƙi. Murhun ƙarfenta na wani irin fito, wutar ta taso ta kwanta, ta taso ta kwanta. Nana na tari tana zagin itacen.

Zumreta ta ce, "Ba itacen ba ne, Nana, marfin cikin bututun ne ya maƙale."

Ta ɗauki ludayi ta bubbuga bututun, kunkunniya ta zubo, ta murɗa ɗan hannun marfin da ƙarfi har ya saki. Nan take wutar ta miƙe, fiton ya ɗauke. Sai dai bai ɗauke duka ba. Na cikin ɗaki ya tsaya, na Goɗiya a waje yana nan, iri ɗaya sak. Zumreta ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon taga. Na buɗe baki zan yi magana ta ce in rufe. Ta ciro waya ta kira Jelil, ta buɗe muryar kowa na ji, ta miƙa wayar waje.

"Ka ji ta?"

"Na ji. Yau ta yarda ta yi magana."

"Maistor, salansar nan tana da marfi a ciki, irin na bututun murhu?"

"Tana da shi mana. In injin ya ji sanyi marfin yakan ɗan rufe, ya riƙe zafi a ciki. Akwai kuma wani siririn bututu kamar tsinken shan lemo, shi ke sanar da injin ko hayaƙi ya matsu. In kunkunniya ta toshe shi, marfin ba ya sanin ya buɗe ko ya rufe, sai ya yi ta kai da kawowa. Amma kafin ya toshe haka sai mota ta daɗe tana silo. Ke kina barinta a kunne ne in kin tsaya?"

"Sai dai in gahawa ta ƙare."

"A gida nawa?"

Na ce, "Ka tambayi gida nawa ne ba ta sha."

Jelil ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To ba ciwo ba ne, gahawa ce ta shaƙe ta."

Nana Hatema ta ce a gaya wa wannan yaron gahawarta ba ta taɓa shaƙe kowa ba.

Motar Jelil ba ta iya hawa wurinmu a ƙanƙara, don haka washegari da hantsi aka yi aikin a tsakar gidan Zumreta, shi yana cikin waya yana nuni, ni ina riƙe da shi. Ta hau kan akwatin cuku don ta kai, ta nutsa cikin injin har ƙugu. Yatsunta sun yi jawur don sanyi, ta hura musu iska ta koma. Da ta kwanto siririn bututun, a toshe yake ƙam kamar an zuba masa kwalta. Kwarashin saƙarta ya ƙi bin lanƙwasar, sai idonta ya faɗa kan tsohon kekena da ke jingine. Kafin in ce wani abu ta zare wayar birkin. Da ita ta yi ta sakace bututun, ta jiƙa da kananzir, ta sake sakacewa.

"Hazbo, leƙa ta can ka ga ko haske na fitowa."

Na leƙa. Ta hura. Mujesira ta ce da na shigo gida ta zaci mai sayar da gawayi ne ya yi ɓatan hanya. Zumreta ta rantse ba da gangan ba ne, amma na ga kafaɗunta na rawa.

Ta shafa wa hannun marfin man giris, ta mayar da komai, ta tayar. Goɗiya ta yi tari ɗaya ta daidaita. Ba huci, ba fito. Jelil ya ce ta fita kwalta ta ba ta wuta sosai ta ƙone sauran dattin. Sannan ya ce, "Amma in kika koma gidan jiya, ita ma za ta koma. Ko ki kashe ta ki sha gahawarki, ko ki bar ta a kunne ki miƙa burodi ki wuce."

"Hajriz ya ce kada a kashe ta."

"Allah ya jiƙan Hajriz, a tsohuwar tarakta ya koyi wannan. Injin da ya hau tudu ya yi zafi ba ya hucewa kafin a shanye finjali."

Ta yi masa godiya ta kashe wayar. Na san ba za ta ji ba. Jelil bakanike ne, Hajriz kuwa mijinta ne, kuma ba ya nan balle ya janye maganarsa.

Sai ta zaɓi ɗayan. Ta koma miƙa kaya ta tagar mota. Tsofaffin nan su fito an riga an ɗora ruwa, ta ce sauri take. Da farko suka ce ko ba ta da lafiya. Daga baya suka daina ɗora ruwan. Nana Hatema ko fitowa ta daina yi, ta aiko da cewa a ajiye mata burodin a kan dakali, tunda yanzu ma'aikaciyar gidan waya ke kawowa. Mota ta warke, Zumreta ta rame. A hanyar dawowa ba ta ko tanka min, na tsokane ta ta kowace kusurwa na gaji. Sai a lokacin na gane rabin abin da take kai musu ba a bayan motar yake ba.

Elvedin ya iso da jar hula da takalman da ba su san ƙanƙarar Peshter ba. Safiyar da za mu fita, sanyin har gashin hanci yake daskararwa. Ya tsaya a bayan motar ya harɗe hannu kamar alƙali. Uwar ta murɗa makulli, Goɗiya ta tashi sumul. Ya zagaya ya kara kunne a salansa.

Na ce, "Matsa kusa, ɗana, wataƙila da Jamusanci take yi."

"Baba Hazbo, kai ma da mu za ka?"

"Ni ne shaida. Ni ne kuma buhun yashi."

Muka matsu mu uku a gaba. Ta hau tudun farko ba gardama. A gidan farko Zumreta ta miƙa burodi ta taga, tsohon ya gaisa da Elvedin a tsaye, muka wuce. A na biyu haka. Yaron ya dubi uwarsa.

"Inna, ba a shiga yanzu? Da ina yaro in na biyo Baba gaisuwa gidajen nan sai cikina ya cika da alewa."

"Sauri muke."

Da muka ƙure tudun, sai ga Nana Hatema a tsaye a tsakiyar ƙanƙara, da sandarta a hammata, da tire a hannu, finjalai na karkarwa a kai. Ta ji labarin Elvedin ya zo. Zumreta ta sauke gilashi.

Nana ta ce, "Yaron da na yanke wa cibiya ya zo ƙofata, a miƙo min burodi ta taga? To ni ma ga tawa ta taga. Ina nan tsaye har ta daskare, ku sha ko ku tafi."

Zumreta ta ja baya, ta juya motar a hankali har hancinta ya kalli gangare, ta ja birkin hannu. Ta daɗe tana kallon makullin. Na ga leɓenta na motsi, ban sani ba addu'a take ko haƙuri take ba wani. Sannan ta murɗa.

Duk zuwan da nake yi gidan nan da Goɗiya, ban taɓa jin shirunsa ba sai ranar. Har ƙarar ƙanƙara da ke zamowa daga rufi ana ji.

Elvedin ya ce, "Inna, in ba ta tashi ba fa?"

"To ka samu mai yi maka girki a Jamus ke nan. Karɓi tiren nan daga hannun Nana, ba ka da ido?"

Nana ta shiga ta fito tana jan wani bargon ulu mai nauyi, na kayan aurenta, ta ce a lulluɓe wa dabbar nan kai, ita ma baƙuwa ce. Muka shimfiɗa shi a kan bonet muka shiga.

Gahawar tire ta huce, sai da aka dafa sabuwa. Nana kuma ta tara zance na makonni, ta kwance shi tun daga farko: gwiwarta, tunkiyar da ta haifi biyu, surukarta da ba ta kira, yadda Elvedin ya fito duniya yana tsala ihu da kunnuwa kamar na zomo. Yaron na satar kallon agogo. Ni kaina ina lissafin yadda sanyi ke shiga ƙarfe. Zumreta kuwa ta tsoma sukarinta, ta kurɓa a hankali, ta tambayi Nana wace gwiwar ce, ta dama ko ta hagu. Da aka ƙara mata ba ta ce a'a ba. Ni kaɗai, da nake zaune a ƙasa kusa da murhu, na ga yatsun ƙafarta a dunƙule cikin safa.

Sai da Nana ta kai ƙarshen zancenta da kanta muka fito. Elvedin ya yaye bargon, ya taɓa bonet ya ce da sauran ɗumi. Zumreta ta gyara matashinta ta zauna. Ta murɗa rabi, ta jira 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta mutu, ta ce bismillahi, ta ƙarasa. Injin ya ja da nauyi sau ɗaya, kamar ni in an tashe ni sahur. Ya sake ja. Sai ya kama, ya zauna daram, hayaƙi fari siriri na fita a baya.

Nana ta ce daga bakin ƙofa, "Ku miƙo min bargona, ba kyauta na ba ta ba."

A gangare, da muka kusa gida, Elvedin ya juya wajen uwarsa. Ya ce batirin ya tsufa, zai sayo sabo kafin ya koma, kuma ta riƙa cajin wayarta. Uwar ta ce to. Da hutunsa ya ƙare ya tafi shi kaɗai da bokitin cuku.

Ranar da muka raka shi, muna dawowa ta ce min, "Da Hajriz na nan, da ya yi ta faɗa tun daga gidan Nana har gida."

Na ce, "Da rabin baki."

"Da rabin baki," ta ce, ta yi dariya, ta goge ido da bakin kallabi.

Yanzu kowane gida a sama akwai tsohon bargo rataye a bayan ƙofa, na Goɗiya. Ta tsaya, a kashe ta, a lulluɓe ta, a ɗora ruwa. Ni kaɗai na yi asara. Da safe ba ta barinta ta daɗe tana silo, tana tayarwa take fita, ba abin da ke tashina, limami har ya fara tambayar ko na yi ƙaura. Kekena kuma har yau ba birki. Na yi mata maganarsa jiya ta kan shinge, ta ce in fara gyara shingen tukuna.